An Rage Tumbi, Saura Kwaɗayi

 Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a takardarmu ta wannan wata, wani al'amari ne da ya faru a idonmu ran sunan da aka yi kwanan baya a wani gida kusa da Jalan Pahang. Waɗanda suka je sun gani, waɗanda ba su je ba sun ji labari, amma kowa da irin fassarar da ya yi masa. Mun nemi izinin mai abin, ta ce mu faɗa, in dai ba za mu ambaci sunanta ba.

Wata gwaggonmu ce, wadda likitoci suka yi wa aikin rage tumbi yau shekara biyu ke nan da 'yan watanni. Kafin aikin, ƙiba ta kai ta ga ba ta iya hawa bene sai an riƙe ta, salla ma a kan kujera ta ke yi, ga ciwon sukari ana ta allura safe da yamma. Bayan aikin kuwa Allah ya ba ta sauƙi, ta zube ƙwarai, ta koma tana sujada a ƙasa kamar kowa, har likita ya tsayar da allurar. To, ran sunan nan ta zo da wuri ta zauna cikin mata. Uwar gida ta kawo mata shayi irin na nan mai madarar gwangwani, da faranti cike da kuih. Ta ce ta ƙoshi. Uwar gida ta ce, "Haba Yaya, sunan jikanki ne fa, ko kurɓi ɗaya ba za ki yi ba?" Ta kurɓa. Daga kurɓi ɗaya kofi ya ƙare, kuih biyu suka bi baya.

Bayan kamar sa'a ɗaya da rabi sai aka ga gumi yana keto mata, hannunta yana rawa, tana magana ba a gane abin da ta ke cewa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka fara tofa mata addu'a. Allah ya sa akwai 'yarmu mai aikin jinya a wurin, da abin awon sukari a jakarta. Ta auna, ta tarar sukarin jinin Gwaggo ya faɗi ƙasa ƙwarai. Ta ba ta ɗan abu mai zaƙi kaɗan, da ta dawo hayyacinta ta sa aka dafa mata ƙwai. Jama'a suka yi ta mamaki, suna cewa, yaya wanda ya sha zaƙi sukarinsa zai faɗi? Amsar wannan tambaya ita ce rabin maganarmu. Sauran rabin kuwa ya shafe mu ne, mu masu miƙa faranti.

YADDA AIKIN YA KE

Da yawa cikinmu in sun ji an ce an yi wa wane aikin ƙiba, sai su zaci kitse likita ya yanke ya zubar. A'a, tumbi a ke ragewa. Asalin dabarar daga Amurka ne. Wani likitan fiɗa mai suna Edward Mason, na Jami'ar Iowa, ya lura masu gyambon ciki waɗanda aka yanke wa wani sashi na tumbi su kan rame, su daɗe ba su mai da jiki ba. A 1966 ya yi irin wannan aiki da gangan don rage ƙiba. Tun daga nan aka yi ta gyara shi, yanzu ba a ko tsaga ciki, 'yan ƙananan hudoji a ke yi a zura kayan aiki da madubi.

Iri biyu aka fi yi. A na farko, a kan yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, abin da ya rage ya zama siriri kamar hannun riga. A na biyu, wanda aka yi wa Gwaggo, a kan ware wata 'yar jaka a saman tumbi wadda ba ta fi ƙwai girma ba, a jawo ƙaramin hanji a haɗa da ita, abinci ya bar sauran tumbin da farkon hanji ya wuce ta gajeriyar hanya. Mu kira shi aikin ratse.

Watannin farko bayan aikin, angwanci ne. Mutum ya kan manta da abinci sai an tuna masa, wani ma zaƙi ya gundure shi. Akwai dalili. A 1999 wasu masana a Japan, Masayasu Kojima da Kenji Kangawa da abokan aikinsu, suka gano wani sinadari da tumbi ke fitarwa, suka sa masa suna girelin, shi ne manzon da ke kai wa ƙwaƙwalwa labari yunwa ta zo. Yawancinsa daga saman tumbi ya ke fitowa, watau wurin da a ke yankewa a aikin hannun riga. A aikin ratse kuma hanji ne ke saurin aika saƙon ƙoshi. Nauyi sai ya yi ta zuba, mai abin ya ce ai shi da kwaɗayi sun rabu har abada. Amma tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu nauyin ya kan tsaya, yunwa ta fara dawowa sannu a hankali, tumbin ya ɗan saki. A nan ne tsohuwar al'ada ke ɗaga kai, domin wuƙar likita ba ta kai gare ta ba.

Ga kuma abin da mu ke so kowa ya riƙe. Ƙaramin tumbin nan yana tare nama da kifi da ƙwai, loma kaɗan mutum ya ji ya cika. Ruwa kuwa ba ya tare shi. Teh tarik, da Milo, da sirap bandung, da cendol, duk wucewa su ke yi kamar ruwa a mazurari. Biskit da keropok da kuih su ma narkewa su ke yi tun a baki. Mutum zai iya yini yana tsakure-tsakure, bai taɓa jin ƙoshi ba, bai kuma taɓa zama ya ci abinci ba, kafin magariba ya zuba wa jikinsa abin da ya kai na kafin aiki. In ka tambaye shi ya rantse maka ba ya cin komai, kuma shi a ganinsa gaskiya ya faɗa.

Game da abin da ya sami Gwaggo, tumbin da Allah ya halitta yana da wata 'yar ƙofa a ƙasansa mai sakin abinci kaɗan-kaɗan zuwa hanji. Aikin ratse ya kewaye wannan ƙofa, saboda haka in zaƙi ya shiga, gaba ɗaya ya ke zubowa hanji. Wani cikin minti 10 zuwa 30 zai ji murɗar ciki da tashin zuciya da faɗuwar gaba, har zawo. Wani kuwa sai bayan sa'a 1 zuwa 3. Sukari ya shiga jini a guje, jiki ya fitar da insulin fiye da kima don ya kwashe shi, insulin ya kwashe har ya zarce, sai gumi da rawar jiki da ruɗewa. Masu aikin hannun riga ma ba su tsira ɗungum ba, ko da ya ke abin ya fi yawa ga masu ratse. Mugun abin shi ne, faɗuwar sukarin ita kanta zaƙi ta ke kira. A sha, ya hau, ya faɗi, a sake nema. Gwaggo ta gaya mana daga baya ta yi watanni tana cikin wannan kai da komowa, da alewa a jaka, ba wanda ya sani. Rigunan da ta kai tela ya rage mata sun fara matse ta, kunya kuma ta hana ta komawa asibiti ranar da aka sa mata.

ƘASAR DA MU KE ZAUNE

Kada mu ɗora wa baiwar Allah laifi ita kaɗai. Duk wanda ya tashi a Maleshiya ya san zaƙi yana bin mutum har gado. Binciken lafiya na ƙasa da Ma'aikatar Lafiya ta yi a 2019 ya nuna kashi 50.1 cikin ɗari na manya nauyinsu ya wuce kima, a na 2023 abin ya hau zuwa 54.4. Masu ciwon sukari kuwa kashi 18.3 ne a 2019, sa'an nan 15.6 a 2023, watau wajen mutum ɗaya cikin shida. Gwamnati ta sa haraji a kan lemon kwalba da na gwangwani tun 1 ga Yuli 2019, sen 40 kowace lita, ta mai da shi sen 50 a 2024, sa'an nan sen 90 a farkon 2025. Madalla da wannan. Amma harajin bai kai ga teh tarik ɗin shagon mamak ba, balle butar shayin gidajenmu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce wajen giram 50, kamar cokalin shayi 12 ke nan, in ya tsaya a 6 ya fi. Wannan fa ga mai cikakken tumbi ne. To, madarar gwangwani mai kauri wajen rabin nauyinta sukari ne, kowa kuwa ya ga yadda mai shayi ke tuttula ta a kofi. Kada kuma a yaudari kai da cewa zuma magani ce, ko gula melaka na gargajiya ne kamar mazarƙwailar gida. Hanjin da aka yi wa ratse bai san gargajiya ba, duk sukari ne a wurinsa.

Manyanmu sun ce a gida goro a ke miƙa wa baƙo, da ruwa a ƙwarya. Nan goro ya yi wuyar samu, sai muka ari kuih daga maƙwabtanmu Malayu muka sa a gurbinsa, muka haɗa da namu alkaki da nakiya da dubulan ran biki. Muka ɗauki kayan zaƙin ƙasa biyu muka ɗora a faranti ɗaya. Bayan salla kuma gwangwanayen kuih raya su yi wata guda a kan tebur, duk wanda ya gifta ya sa hannu.

Abin da ya fi damunmu dai bakinmu ne. A wurinmu ƙiba alamar jin daɗi ce, rama alamar wahala. Mace ta sha azabar aiki ta rage nauyi don ta rayu, sai 'yar'uwarta ta tare ta a wurin biki ta ce, "Ke kuwa lafiya? Kin lalace. Ko maigidan ba ya cefane ne?" Baƙo ya ce ya ƙoshi, mu ce ya raina mu. Mu kanmu masu wannan rubutu mun sha cewa "ci mana" ga mutumin da likita ya hana, muna ganin karamci mu ke yi. Uwar gidan nan ta ran suna ba muguwa ba ce, ta yi kuka da ta ji bayani. Abin da aka koya mata ta yi.

DABARUN GWAGGO

'Yarmu mai aikin jinya ta raka Gwaggo ta koma wurin likitanta da malamar abinci ta asibiti. Ba wanda ya yi mata faɗa, aka ce mata ba ita ce ta farko ba. Ga abin da ta ke yi yanzu, kamar yadda ta ba mu labari a ɗakinta.

Da fari an ce ta sayi ɗan littafi, duk abin da ya shiga bakinta ta rubuta, da lokacin, da abin da ke ranta a sa'ad da ta ɗauka. Ta ce ta raina wannan dabara, ta ga aikin 'yan makaranta ne. Mako biyu da ta duba sai ta ga abin mamaki. Da safe ba ta taɓa komai. Daga bayan azahar ne zuwa la'asar hannunta ke zuwa gwangwani, sa'ad da 'ya'ya ke wurin aiki, jikoki na makaranta, gida ya yi tsit sai ƙarar jirgin ƙasa yana wucewa. Sai kuma dare, bayan ta yi waya da 'yarta da ke aure a wata ƙasa. Ta ce mana, "'Ya'yana, ashe ba yunwa na ke ji ba. Kewa ce." Ta ce dā can in ranta ya ɓaci tuwo ta ke ci ta cika ciki ta kwanta, yanzu ba wurin tuwon, sai alewa ta maye gurbinsa. Mun daɗe muna tunanin wannan magana, domin tsofaffinmu da yawa haka su ke yini su kaɗai a bene na goma sha, ba zaure, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga. Yanzu bayan azahar ta kan sauka wurin wata ƙawarta a bene na ƙasa su yi tilawa, ko ita ƙawar ta hau. Ta ce in kwaɗayin ya taso ta kan ce masa ya jira ta yi alwala ta yi nafila, sau da yawa kafin ta sallame ya lafa.

Sai tsarin abinci. Sau uku a yini, a kan lokaci, a zaune, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu wanda aka shirya tun safe aka sa masa sa'a. Dā ta kan tsallake karin kumallo wai don ta rage, ashe shi ke jefa ta cikin gwangwani da rana. Kome za ta ci, mai gina jiki ta ke fara ci, an ce ta nemi giram 60 zuwa 80 na furotin a yini, ƙwai ɗaya kuwa wajen giram 6 ke gare shi. Kasuwar Chow Kit tana kusa, akwai kifi da kaza da tempe da tauhu, wanda mu mu ke kira awara. Shinkafa ita ce ta ƙarshe, cokali biyu ko uku in da sauran wuri. Abin taɓawarta dafaffen ƙwai ne, ko 'yar gyaɗa a tafin hannu, ko gwaiba, ko dambun naman da ta yi da kanta. Serunding na kasuwa ta bar shi, don ana sa masa sukari. Ba ta shan ruwa a kan abinci, sai bayan rabin sa'a, domin ruwa yana kore abinci daga 'yar jakar yunwa ta dawo da wuri. Amma tsakanin abinci tana kurɓa har lita ɗaya da rabi ko biyu, don a zafin garin nan ƙishirwa ta kan zo da kamar kwaɗayi.

Gwangwanayen kuih kuwa ta rabar da su. Ta ce ba ta da ƙarfin da za ta zauna da su a ɗaki ɗaya ta yi nasara kullum, kuma ba ta ga dalilin gwada kanta ba. Jikoki suka yi ƙorafi kwana uku suka haƙura.

A shagon mamak ta koyi kalma ɗaya, kosong. Teh O kosong, ko teh C kosong in tana son madara, ko limau ais kosong. Ta ce kurang manis ba ya fid da mutum, don kowane mai shayi da nasa ma'aunin ragi.

An kuma auna jininta aka ga ƙarfen jini ya yi ƙasa, saboda ta bar shan ƙwayoyin da aka ce ta sha har ƙarshen rai, na ƙarfen jini da bitamin B12 da na ƙashi. Kasalar da ke kama ta da rana har ta nemi Milo, wani sashi daga nan ne. Muna roƙon duk wanda aka yi wa aikin nan kada ya bar zuwa awo don nauyi ya fara dawowa. Babban Asibitin Kuala Lumpur yana nan a Jalan Pahang, ga kuma ƙananan asibitocin gwamnati na unguwa inda a ke auna sukari. Yanzu ma akwai alluran rage cin abinci da likita kan rubuta wa wasu in nauyi ya dawo bayan aiki, amma wannan hukuncin likita ne, kada a saya a intanet.

Saura azumi. Kowa ya san bazar Ramadan ta Kampung Baru, da manyan robobin nan na ruwan zaƙi ja da kore da ruwan hoda. Mai ƙaramin tumbi da ya wuni ba ci ya buɗe baki da kofin bandung, abin da ya sami Gwaggo ne zai same shi kafin a idar da tarawi. Wanda aka yi wa aiki bai daɗe ba, likitoci su kan ce ya dakata da azumi tukuna, malamanmu kuwa sun sha faɗa mana mara lafiya yana da rangwame ya rama daga baya. Wanda likita ya yardar wa, ya buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya, ya sha ɗan romo, ya yi magariba, sa'an nan ya ci nama ko kifi a hankali. A yi wannan shawara da likita tun watan Sha'aban.

Mun zauna da uwayen gida uku da ke da biki a gaba, sun yarda da abu uku. Za a dafa shayi buta biyu, ɗaya ba sukari ba madarar gwangwani, a ɗaura mata jan zare a hannu don a gane ta. Za a ajiye farantin tsire da dafaffen ƙwai da kokwamba kusa da na kuih. Wanda kuma ya ce ya ƙoshi, a ce masa madalla a wuce, kada a maimaita. Ɗaya daga cikinsu ta ce na ukun ne zai fi ba ta wuya, mun kuwa yarda da ita.

Gwaggo ta fara zagaya tafkin Titiwangsa da safe, wannan da dā ramin haƙar kuza ne. Ta ce mu sanar tana neman abokan tafiya, mata ko maza da iyalansu, masu tumbi cikakke da ragagge. Ran Asabar da Lahadi ne, ƙarfe bakwai, a haɗu a bakin ruwa ta wajen Istana Budaya. Kowa ya zo da gorar ruwansa.